Yadda ake haɗa taskar tarihi ta bai-ɗaya a jahar Maraɗi, mataki-mataki

Tambayoyin da ke zuwa mini kan wannan aiki sun yi yawa, kuma duk bakinsu ɗaya. Ma'aikacin ɗakin karatu ya ce an kawo musu na'urar ɗaukar hoton takardu, tana nan cikin kwali, ta ina za su kama? Magajin wani malami a Tasawa yana so a ɗauki hoton littattafan kakansa, amma bai yarda su fita daga zaure ba. Ɗalibar jami'a tana neman wata wasiƙar fada, an tura ta Yamai, can kuma aka ce ta gwada Kaduna. Na ga gara in jera matakan wuri guda, yadda suke bin juna.

Takardun tarihin Katsinar Maraɗi da Gobir ta Tsibiri a warwatse suke. Wasu suna fada, wasu cikin gafakar malamai, wasu a ma'ajiyar takardu ta ƙasa da cibiyar binciken tarihi da al'adu ta IRSH a Yamai. Na mulkin Faransa suna Dakar da Aix-en-Provence, na ɓangaren Ingila suna Kaduna. Ba wanda zai tattaro su ɗaki guda, bai ma kamata ba. Abin da zai yiwu shi ne kowa ya riƙe nasa, a haɗa rajista ɗaya, hotuna su riƙa zagayawa tsakanin gidajen. Saboda haka kada ku fara da sayen na'ura. Maganarta sai mataki na biyar.

1. Zaɓen abokan tafiya

Ku fara da gida uku zuwa biyar. A Maraɗi waɗanda za a fara tuntuɓa sanannu ne: ɗakin karatun Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga, fadar Maraɗi da ta Tsibiri, ma'ajiyar takardun ofishin gwamna da na magajin gari, gidajen rediyo masu tsofaffin kaset, masu ɗakin hoto da suka gaji sana'ar, da zaurukan malamai. Ba lalle duka su shigo a tashin farko ba. Wanda ya ga aiki yana tafiya da kansa zai zo.

Tsarin kamar adashe ne, kowa yana zubi kowa yana kwasa, kuma dole a sami uwar adashe da kowa ya amince da ita. A ganina jami'a ta fi dacewa da riƙon, don tana da ma'aikata na dindindin da ɗalibai masu buƙatar aikin. Sai dai a rubuta cewa riƙo aka ba ta, ba mallaka ba. Kowane gida kuma ya ba da sunan mutum guda da mataimakinsa, waɗanda za a riƙa nema idan magana ta taso.

Hattara: fada da zauren malami ba a aika musu wasiƙar ofis kawai. A je da ƙafa, ta hannun wanda suka sani, mai unguwa ko liman ko wani almajirin gidan. Ziyarar farko ta gaisuwa ce da bayani, a bar kyamara a gida.

2. Ƙidaya kafin hoto

Kowane gida ya zauna ya rubuta abin da yake da shi, da biro da takarda ma ya isa. Layi ɗaya ga kowane ƙunshi, akwati ko kwali: mene ne, kusan shafi nawa ko kaset nawa, da wane harshe, na wane zamani, yaya lafiyarsa. Wannan aikin mako biyu ne zuwa wata guda, kuma kusan ba ya cin kuɗi.

Daga nan sai a zauna tare a jera abin da za a fara da shi. Tambaya uku ke yanke hukunci. Akwai irinsa a wani wuri? Yana gab da lalacewa? Ana neman sa? Abin da babu irinsa, gara ta fara ci, mutane kuma suna tambaya, shi ne na gaba. Kaset ɗin rediyo yakan riga takarda shiga sahu, domin takarda mai kyau tana iya jira shekaru, shi kuwa zaren kaset zafi yana kashe shi, na'urorin kunna shi ma suna ƙarewa a kasuwa.

Hattara: kada ku ɓata wata uku kan bugaggen littafin da ake samu a kasuwa ko yana intanet tuni. Amma a buɗe shi tukuna. Idan malamin ya cika gefen shafukan da sharhinsa, ya zama abin da babu irinsa.

3. Yarjejeniya

Nan ne yawancin haɗin gwiwa ke wargajewa, ko da yake ba a ganin ɓarakar sai bayan shekara biyu. Ana buƙatar takarda iri biyu, ɗaya tsakanin gidajen da suka haɗu, ɗaya tsakanin ƙungiyar da kowane mai kaya. Ta mai kaya kada ta wuce shafi biyu. A rubuta ta da Hausa da Faransanci, da Ingilishi idan akwai abokan Najeriya, a karanta masa Hausar da baki a gaban shaidu biyu na gidansa. Idan ajami yake karantawa a rubuta masa da ajami.

Abin da dole ya fito fili a ciki: asalin kaya yana nan hannun mai shi, ba a saya ba, ba a ara ba. Mai kaya zai karɓi cikakken kofin hotunan kayansa kyauta. Duk inda aka nuna hoton za a ambaci sunan gidan, sai in shi ya ce a sakaya. Babu mai sayar da hoto ko buga shi a littafi sai da izini a rubuce. Idan wani gida ya fita daga tafiyar, a faɗi tun yanzu me zai faru da kofin da ke hannun sauran. Ni shawarata a cire shi daga idon jama'a amma a ci gaba da adana shi.

Sai maganar wa zai ga me. Ku raba kaya gida uku. Na farko buɗaɗɗe ne, kowa ya gani a intanet. Na biyu sai an zo ɗakin karatu an zauna an duba, ba a kwafa. Na uku rufaffe ne, an ɗauki hotonsa don kada ya salwanta, amma ba mai buɗewa sai da yardar mai shi. Mai kaya ne zai zaɓa, ƙunshi-ƙunshi, ba jimla ba.

Hattara, kuma wannan ina so a ɗauke shi da nauyi: akwai takardun da fitarsu kan iya tayar da husuma a gari. Kundin asiri da laƙani na malami, takardun gona da na gado, jerin sarauta da ake jayayya a kansa, bayanan shari'a da suka ambaci asalin wani gida ta hanyar da za ta kunyata jikoki masu rai. Duk waɗannan su fara zama a gida na uku. Ana iya buɗe rufaffen abu daga baya, amma abin da ya shiga wayoyin mutane ya fita ke nan.

Ta fuskar doka, kayan tarihi a Nijar suna ƙarƙashin doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997, don haka a sanar da ofishin al'adu na jaha tun farko, a sa shi cikin masu sa hannu. Waƙoƙi, hotuna da rubuce-rubucen zamani suna da haƙƙin mallaka, wannan sai a tuntuɓi BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Nijar. Takardun da ke ɗauke da sunaye da bayanan mutane masu rai kuwa sun shiga hurumin hukumar HAPDP mai kare bayanan jama'a.

4. Rajista guda, ƙa'ida guda

Hoto dubu goma da ba a san na mene ne ba, ba su da amfani ga kowa. Rajista ce ke sa ɗalibi a Damagaram ya gano cewa abin da yake nema yana Tsibiri. Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, duk gidajen su amince da tebur guda na Excel ko LibreOffice, da ginshiƙai iri ɗaya, a jere iri ɗaya.

Ba sai kun ƙirƙiro ginshiƙan ba. Akwai ƙa'idar Dublin Core mai gurbi 15 da ɗakunan karatu na duniya ke aiki da ita, kuma manhajoji ukun da za mu ambata a mataki na takwas duk suna gane ta. Ku ɗauki waɗanda ba makawa: lamba, suna, marubuci ko mai yi, kwanan wata, wuri, harshe, irin abu, taƙaitaccen bayani, gidan da ke riƙe da shi, da matakin izini. Ga rubutun hannu a ƙara yawan ganye, tsawo da faɗi da santimita, irin rubutu, layin farko da layin ƙarshe, da sunan wanda ya kwafa idan ya sa shi bayan tammat.

Lamba ita ce ƙashin bayan aikin. Kowane gida ya sami tasa, kowane abu ya sami tasa, kowane shafi ya sami tasa. Misali MRD-03-0012-0007 na nufin Maraɗi, gida na 3, abu na 12, hoto na 7. Wannan lambar ce sunan fayil, ita ce a rajista, ita ce a ƴar takardar da za a saka cikin ƙunshin. Ba a sake ta har abada, kuma ba a ba wani abu lambar da aka taɓa amfani da ita.

Ga yadda layi ɗaya zai kasance. Lamba: MRD-03-0012. Suna: wasiƙa kan rabon ruwan rijiya, sunan da mai rajista ya ba ta. Harshe: Larabci, da layi biyu na Hausar ajami a gefe. Ganye 1, santimita 22 da 16, takarda mai tambarin jinjirin wata uku. Kwanan wata: 1350 Hijira, daidai da 1931 ko 1932. Izini: na biyu. Irin wannan takarda mai wata uku daga Italiya ake kawo ta, kuma ana ganin tambarin ne idan an ɗaga ganyen ga haske.

Hattara da sunayen wurare, don mu ƴan iyaka nan muka fi tuntuɓe. Gari ɗaya yana da rubutu biyu ko uku: Tasawa da Tessaoua, Tsibiri da Tibiri, Gidan Rumji da Guidan Roumdji, Madarumfa da Madarounfa, Katsina da Katséna a tsofaffin takardun Faransawa. Idan kowane gida ya rubuta yadda ya ga dama, mai bincike zai sami rabin abin da ke akwai ya ɗauka shi ke nan. Ku buɗe tebur na biyu: rubutu ɗaya da aka zaɓa, sauran a gabansa, har da na ajami. Haka za a yi wa sunayen sarakuna da malamai. A nan ne kuma za a yanke ko ƴ za a rubuta yadda ake yi a Nijar ko 'y yadda ake yi a Najeriya.

Hattara da shekaru. A rubuta ta Hijira yadda take a takardar, ta Miladiyya a ginshiƙi daban, kuma a tuna shekarar Hijira takan hau biyu: 1300 ta fara a Nuwamban 1882 ta ƙare a 1883. Idan da ramzi aka ba da shekarar, wato da haruffa maimakon lambobi, a nemo malamin da ya san lissafin Magrib, wanda shi malamanmu ke bi. A can harafin shin dubu ne, a lissafin gabas kuwa ɗari uku ne. Wanda bai san wannan ba zai mayar da waƙa baya da shekara 700.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, su shiga cikin rajista, a adana teburin da tsarin UTF-8. Amma kada su shiga sunan fayil, haka ma tazara da wasullan Faransanci masu alama a ka, don wata kwamfutar takan mayar da su shirme.

5. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Ga rubutun hannu da duk takardar da ta tsufa, kyamara ta fi sikana. Murfin sikana yana danne ganye ya karya shi, mai jan takarda da kanta kuwa tana iya yaga shi gaba ɗaya. Sikana mai gilashi tana da amfani ga hotuna da takardun ofis masu ƙwari.

Tashar aiki guda tana buƙatar kyamara mai megapiksel 24 ko sama, mariƙi mai kallon da ita ƙasa, fitilun LED biyu iri ɗaya, baƙin yadi mara sheƙi, katin launi, rula, burushi mai laushi, kwamfutar hannu da igiyar haɗa ta da kyamarar, faifan ajiya na waje guda uku, da na'urar riƙe wuta. Kyamara mai megapiksel 24 tana ba da ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, wato tana ɗaukar takarda har girman A3 a kan ɗigo 300 cikin inci. Ga ƙauyuka a haɗa da farantin sola da batir. Ba kowane gida ne zai sayi nasa ba. Tasha ɗaya ko biyu su riƙa zagayawa bisa jadawali, wannan ma yana cikin ribar haɗuwar.

Lissafin wurin ajiya kuwa da kanku za ku yi shi. Shafin A4 mai launi a kan 300, a tsarin TIFF, wanda ke ajiye hoto ba tare da rage ingancinsa ba, yana cin kusan megabait 26. Hoton TIFF daga waccan kyamarar yana kai megabait 72. Shafi 10,000 ke nan gigabait 260 ta sikana, ko 720 ta kyamara, sai a ninka sau uku saboda kofi uku. Sauti a kan 96 kHz da bit 24, layi biyu, yana cin kusan gigabait 2 a awa.

Babban kuɗin yana ga mutane. Ku yi kasafi a kan shafi 200 a yini ga mutum biyu idan takardun masu rauni ne, wato shafi 10,000 yini 50 ke nan, sannan ku ware wa rajista aƙalla daidai wannan lokaci. A sa ladan malamin da zai karanta Larabci da ajami, kuɗin mota ko kabu-kabu zuwa ƙauyuka, da goron masu gida. Idan da yuro mai tallafi yake lissafi, canjin a tsaye yake, yuro 1 sefa 655.957. Fam da dala suna motsi, a bar musu rara.

Hattara: ana samun faifan ajiya da katin waya na jabu, masu nuna girman da ba su da shi. Kafin a biya, ko aƙalla kafin a amince masa da aiki, a cika shi da fayiloli a sake buɗe su. Kuma faifan uku kada su zama daga kwali ɗaya.

6. Ranar ɗaukar hoto

A sami ɗaki mai rufuwa, a toshe taga, a kashe fanka. A lokacin hunturu ƙura tana shiga ko ta ina, saboda haka a share a goge da jiƙaƙƙen tsumma tun da safe, a bar shi ya bushe. Mai kaya ko wakilinsa ya zauna a wurin daga farko har ƙarshe. Ba shayi, ba ruwa, ba biro a kan teburin, fensir kawai.

Mutum biyu ne, ɗaya yana juya ganye da wankakken hannu busasshe, ɗaya yana kan kwamfuta. Fitilun suna dama da hagu, a karkace kamar digiri 45. Hoton farko na takardar lamba ne tare da katin launi da rula. Sai gafaka da tadarishi, ciki da waje, sai ganyayen ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, har da wanda ba rubutu. A bar ɗan baƙin yadi ya fito a kowane gefe, don mai dubawa ya tabbata ba a yanke komai ba.

Littattafanmu galibi ba ɗinkakku ba ne, ganyaye ne a sake. Yadda aka same su haka za a ɗauke su, haka za a mayar. Idan sun hargitse, marubuta sukan sa kalma ɗaya a ƙasan shafi wadda ita ce farkon shafi na gaba, da ita za a gano jerin. Amma gyaran a yi shi a kwamfuta a rubuta a rajista, kada a yi shi a kan asalin.

Hattara: kada a liƙa salatif ko gam a ganyen da ya yage, kada a lasa yatsa, kada a shanya takarda a rana. Ganyayen da suka manne a bar su, a rubuta cewa sun manne. Wanda ya yi fumfuna a ware shi, mai taɓa shi ya rufe hanci da baki. Safar hannu ta auduga tana kama bakin takarda ta yaga, a bar ta, sai dai ta roba ga hotuna da fim.

Ga kaset, a fara ɓalle ƴan haƙoran da ke samansa don kada a goge shi bisa kuskure. A goge kan na'urar, a haɗa ta da kwamfuta ta akwatin sauti na waje, a naɗa da Audacity, wadda kyauta ce, a tsarin WAV, aƙalla 48 kHz da bit 24. A ɗauki hoton kaset ɗin da kwalinsa, don sau da yawa rubutun da ke jiki shi kaɗai ne shaidar wanda ya yi magana da ranar da aka yi. Kayan gidan tarihi irin su tambari, sulke ko sirdi a ɗauke su ta fuska huɗu da sama, da rula a gefe.

Kofin asali ba a gyara shi, ba a ƙara masa haske. Daga shi ake fitar da ƙananan JPEG ko MP3 na rabawa. Kuma kada a tura asalin ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya zubar da ingancinsa.

7. Dubawa da ajiya

Kafin a naɗe kaya a bar gidan, a ƙirga: yawan hotuna ya yi daidai da yawan shafuka? A buɗe aƙalla ɗaya cikin goma a faɗaɗa shi sosai, a ga ko wasali da ɗigo sun fito. Komawa Dakoro saboda shafi uku ya fi wannan duban tsada nesa ba kusa ba.

Sai kofi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gari. A nan haɗin gwiwar ke biyan kansa: Maraɗi ta ajiye wa Damagaram, Damagaram ta ajiye wa Maraɗi, na uku ya tafi Yamai. Mutanen Maraɗi ba sa buƙatar dogon bayani kan dalili. Ambaliyar 1945 ce ta tayar da tsohon gari daga bakin gulbi zuwa tudu, daminar 2024 kuma ta rusa gidaje masu yawa a nan, ta kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram. A Tumbutu, farkon 2013, an ƙone ko an kwashe rubuce-rubuce kusan 4,000 a cibiyar Ahmed Baba.

Kowane fayil a fitar masa da lambar shaida ta SHA-256 ko MD5, wadda manhajoji na kyauta ke lissafawa. Idan ko ɗigo ɗaya ya canza a cikin fayil, lambar za ta canza. Duk wata shida a jona faifan a sake lissafi, wanda ya lalace a maye shi daga ɗan'uwansa. Faifan a ajiye shi a ɗaki mafi sanyi, a ɗage daga ƙasa, cikin akwati mai rufi, a sabunta shi duk shekara huɗu ko biyar ko da yana aiki.

8. Rabawa

Kada ku jira shafin intanet. Daga wata na farko kowane gida ya aika teburinsa ga mai riƙo, a haɗe su, a mayar wa kowa da haɗaɗɗen. A ajiye kwamfuta guda a ɗakin karatu mai ɗauke da rajistar da ƙananan hotuna, tana aiki ba intanet. Wannan kaɗai ya biya buƙatar yawancin ɗalibai, kuma nan ake duba kayan da ke matakin izini na biyu.

Idan rajista ta kai abu ɗari biyar masu tsabta, sai a hau intanet. Manhajoji uku na kyauta sun isa a zaɓa: Omeka S ga tarin da ya haɗa hotuna, kaya da takardu daga gidaje da yawa, AtoM ga ma'ajiyar takardun hukuma, DSpace ga kundayen digiri na jami'a. Ga irin haɗuwarmu ni Omeka S zan zaɓa, don kowane gida yana iya samun fuskarsa da sunansa alhali rumbun guda ne. A kunna OAI-PMH, hanyar da wata taska ke kwasar rajistarku kai tsaye, da IIIF, wadda ke ba mai bincike damar jera shafi daga Maraɗi kusa da shafi daga wata ƙasa a allo ɗaya. Maganar uwar garke, wato kwamfutar da za ta riƙe shafin, a fara yin ta da jami'a, da hanyar sadarwar jami'o'i ta NigerREN da ta yankin, WACREN.

Hattara: yawancin masu dubawa da waya za su shigo, da kuɗin data ƙalilan, don haka hoton rabawa kada ya wuce megabait 1. Sunan shafin da kuɗin hayarsa su kasance da sunan ma'aikata, ba da sunan wani matashi mai taimako ba, kalmar sirri kuma a hannun mutum biyu daga gida biyu.

9. Ƙetare iyaka

Bayan rajistarku ta tsaya da ƙafarta, sai a rubuta wa na waje: hukumar tarihi da al'adu ta Katsina, ta Waziri Junaidu a Sakkwato, Arewa House da ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna, cibiyar tarihin baka ta CELHTO da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Ku tafi da abin hannu, ga rajistarmu, ga abin da muke da shi da ya shafe ku. A fara musayar rajista, hotuna su biyo baya. Wasiƙa zuwa Dakar ko Aix ta ambaci lambar fayil ɗin da ake so, don "duk abin da ya shafi Maraɗi" ba ya samun amsa. Kuma a tsara aikin yadda ba sai an ƙetara da ƙafa ba. Daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 iyakar Nijar da Najeriya a rufe take.

10. Tallafi, da bayan tallafi

Da ƙidaya, yarjejeniya da gwajin shafi dubu a hannu ake neman tallafi. Shirin EAP na ceton takardun tarihi masu fuskantar salwanta, na British Library, babban ɗakin karatu na Birtaniya, wanda gidauniyar Arcadia ke ɗaukar nauyinsa tun 2004, yana ba da har fam 15,000 na gwaji da har fam 60,000 na babban aiki, ga kayan da suka girmi tsakiyar ƙarni na 20. Na bayan nan, irin su kaset da hotuna, sun fi dacewa da shirin MEAP na jami'ar UCLA a Amurka. A duka biyun asalin kaya yana zama a ƙasarsa.

Hattara: sharaɗinsu shi ne a buɗe hotunan ga kowa a intanet. Kayan da ke matakin izini na biyu da na uku ba sa shiga irin wannan tallafi, kuma a gaya wa mai kaya gaskiyar haka kafin ya sa hannu.

Tallafi yana ƙarewa cikin shekara ɗaya ko biyu, amma hayar shafi, sabunta faifai da duban wata shida ba sa ƙarewa. A lissafa su a shekara, a raba wa gidajen da ke da kasafin hukuma, a rubuta cikin yarjejeniyar mataki na uku, a kuma yafe wa zaurukan malamai. Ma'aikata ana yi musu canjin wurin aiki, saboda haka kowane gida ya ajiye littafi guda mai ɗauke da ƙa'idar lambobi, inda kowane faifai yake, ranar duban ƙarshe da lambar da aka tsaya a kai. Wanda zai tafi ya zauna yini guda da wanda zai gaje shi, su buɗe faifan tare, su biyun su sa hannu.